Jagorar aiki da haruffan da'ira da murabba'i a manyan rubutu da fuskar manhaja

Kafin mu shiga batun zaɓe, yi wannan ɗan gwajin. Buɗe kowace manhajar zane da kake da ita, ka zana murabba'i, ka zana da'ira kusa da shi, ka sa tsayinsu ya zo daidai wa daida. Ja da baya ka duba. Da'irar za ta yi kamar ta fi ƙanƙanta, alhali ma'auni ya ce tsayinsu ɗaya. Sai ka ja layi biyu masu kauri ɗaya, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Na kwancen zai yi kamar ya fi kauri. Ido yana da nasa hukuncin da bai damu da abin da ma'auni ya faɗa ba, kuma yawancin kurakuran da ake yi da irin waɗannan haruffa daga mantawa da haka suke tasowa.

Abin da masu zane ke kira font, a nan zan riƙa ce masa zubin haruffa, tunda a asali narka dalma ake yi a zuba ta a mazubi ta fito harafi. Wanda muke magana a kai shi ne zubin da aka gina a kan siffofin jometiri, wato da'ira da murabba'i da alwatika da miƙaƙƙen layi, marar ƙafafun ado a ƙarshen sanda. Shi ne wanda da ganinsa mutum zai tuna da kumbon sama jannati, ko allon mota mai aiki da lantarki, ko tambarin kamfanin fasaha.

Mataki na farko: tantance aikin da harafin zai yi

Ayyuka biyu ne, kuma sun sha bamban. Akwai babban rubutu: kanu, tambari, fosta, shafin farko na manhaja, inda kalmomi ba su wuce uku ko biyar ba kuma kallonsu ake yi kafin a karanta. Akwai kuma rubutun fuskar manhaja: sunan maɓalli, jerin zaɓi, saƙon kuskure, lambar asusu, inda mutum yake sauri, yana tafiya ko yana cikin rana, yana so ya gane abu a kallo ɗaya.

Ɗauki takarda ka jera duk inda rubutu zai fito a aikinka, ka rubuta girman kowanne a gefensa. Wanda ya kai fiksel 24 zuwa sama (fiksel shi ne ɗan ɗigon da ke haɗa hoto a allo), sa shi a rukunin farko. Wanda bai kai ba, rukuni na biyu. Za ka tarar yawancin rubutun yana rukuni na biyu, kuma a nan ne haruffan da suka fi ƙayatarwa suka fi ba da kunya. Kamfanin Apple ma da ya fito da zubinsa na San Francisco, gida biyu ya raba shi: SF Display na maki 20 zuwa sama (maki wani ma'aunin girman rubutu ne), SF Text na abin da bai kai haka ba, mai ɗan faɗin tazara da buɗaɗɗun bakuna.

Mataki na biyu: san dangin da kake zaɓa daga ciki

Ni dangi uku nake raba su.

Na farko dangin da'ira ne, kuma a Jamus aka haife shi. Jakob Erbar ya fitar da nasa a 1926, Rudolf Koch ya fitar da Kabel a 1927, a shekarar ce kuma kamfanin Bauer na birnin Frankfurt ya saki Futura na Paul Renner, yana tallarsa da cewa shi ne rubutun zamaninmu. Mutane da yawa suna jingina Futura ga Bauhaus, makarantar zane ta Jamus, amma Renner bai taɓa zama ɗan makarantar ba. Abin da ya fito daga can shi ne gwajin Herbert Bayer na 1925, ƙananan haruffa zalla babu manya. Wani abin lura game da Futura: zanen farko na Renner yana da haruffa masu tsananin jometiri, har da r da aka yi da sanda da ɗigo a gefe, amma daga baya aka ajiye su saboda karatu ya fi ƙarfin ado. O ɗinsa ma in ka auna ba cikakkiyar da'ira ba ce, kuma inda cikin b ko d ya haɗu da sanda an rage kauri don kada wurin ya yi duhu. Da Futura aka rubuta allon ƙarfen da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969. Daga cikin jikokinsa akwai ITC Avant Garde Gothic na Herb Lubalin da Tom Carnase a 1970, da Avenir na Adrian Frutiger a 1988, da Gotham na Tobias Frere-Jones a 2000. A cikin na kyauta akwai Jost da Poppins da Montserrat na Julieta Ulanovsky.

Na biyu dangin murabba'i mai lanƙwasassun kusurwa. Tushensa Italiya, a kamfanin Nebiolo na birnin Turin, inda Alessandro Butti da Aldo Novarese suka yi Microgramma a 1952 da manyan haruffa kawai, sannan Novarese ya faɗaɗa shi ya ƙara ƙanana ya kira shi Eurostile a 1962. O ɗinsa kamar gilashin tsohuwar talabijin yake, ko tagar jirgin sama. Bank Gothic na Morris Fuller Benton, wanda ya fito a Amurka a 1930, ya riga su, kuma yana kusa da su a siffa. Wannan dangin ne fina-finan kimiyya suka maƙale wa har ya zama da ganinsa an san ana nufin gobe. Michroma da Orbitron da Rajdhani da Exo duk daga wannan tsatson suke.

Na uku dangin na'ura. OCR-A na 1968 an yi shi ne don na'ura ta iya karantawa. New Alphabet na Wim Crouwel ɗan ƙasar Holan, na 1967, an gina shi da layukan tsaye da na kwance da yankakkun kusurwa don ya dace da allon na'urorin ɗab'i na lokacin, kuma da ƙyar mutum yake karanta shi. Irin waɗannan na kalma ɗaya ne ko biyu a fosta. Kada ka kai su kusa da maɓalli.

Dangin da'ira yana ba da sanyi da sakin fuska, shi ya sa kamfanonin manhaja suka ruga gare shi, musamman bayan Google ya sauya tambarinsa zuwa irin wannan zubi a 2015. Dangin murabba'i yana ba da jin ƙarfe da inji. Ra'ayina shi ne dangin murabba'i ya fi saurin tsufa: abin da aka zana a 1962 don ya nuna gobe, yau sau da yawa jiya yake nunawa. Idan aikinka wasan bidiyo ne ko allon mota ko kayan sauti, ya dace. Idan manhajar banki ce ko ta asibiti, ka sake tunani.

Mataki na uku: gwajin haruffa masu kama da juna

Nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Ka zaɓi zubi uku ko huɗu da suka burge ka, kada su wuce haka, ka rubuta waɗannan da kowannensu a girman fiksel 14:

Il1 O0o rn m cl d a o e c 5S 8B 6b 2Z ij vv w

Ga abin da kake nema. Babban I da ƙaramin l da lamba 1: a zubin jometiri da yawa, biyun farko sanduna ne tsirara da ba su da bambanci sai ɗan tsayi. A cikin jimla ma'ana takan cece ka, amma a kalmar sirri ko lambar tabbatarwa ko sunan fayil babu mai ceto. O da sifiri haka suke, kuma abin ya fi muni a dangin murabba'i, inda O da D da 0 duk akwati ne mai ɗan bambancin kusurwa.

Sai ƙaramin a. Iri biyu ne: mai hawa ɗaya, wato da'ira da sanda kamar yadda ake rubutawa da hannu, da mai hawa biyu irin na littattafai. Futura da Avant Garde mai hawa ɗaya suke da shi, kuma idan rubutu ya ƙanƙance sai a da o su zama tagwaye. Ka rubuta kalma mai cike da su, kamar "babba" ko "dogo" ko "gabaɗaya", za ka ga jerin ƙwallaye da sanduna, ido ya rasa inda zai kama. Wannan na cikin abin da Frutiger ya gyara a Avenir: ya ba shi a mai hawa biyu, ya sa sandunan tsaye suka ɗan fi na kwance kauri, ya rage wa o cikar da'ira. A harshen da a ya yi yawa, kamar namu, wannan harafi ɗaya zai iya yanke hukuncin zaɓen gaba ɗaya.

Duba bakin c da e da s. Idan ƙarshen lanƙwasar ya kusa rufewa, a ƙaramin girma fiksel ɗaya ko biyu za su cike gurbin, c ya koma o. Buɗaɗɗen baki kake so. Duba kuma tsayin ƙananan haruffa idan aka kwatanta da manya. Na Futura gajeru ne, wuyan b da d da l kuma dogo har ya zarce babban harafi. A kanu wannan yana da kyau ƙwarai, yana ba rubutu alfarma. A fiksel 14 kuwa rubutun zai yi kamar na fiksel 12. Akasin haka ma yana da illa: idan ƙananan suka yi tsayi da yawa, h da n sukan kusa zama ɗaya.

Abu na ƙarshe a nan shi ne faɗi. Tunda o kusan cikakkiyar da'ira ce, tana cin wuri, haka b da d da p da q, alhali t da r da s da f sirara ne. Wannan hawa da sauka yana gajiyar da ido a dogon sakin layi. A dangin murabba'i matsalar ta koma ta wuri zalla: kalmar da ta shiga maɓalli da zubin yau da kullum za ta iya tsallake gefe da Michroma ko Orbitron. Gwada da kalma mafi tsawo da ke cikin manhajarka.

Kada ka amince da hotunan talla na shafin da ake sayar da zubin. Da manyan haruffa ake yin su, da zaɓaɓɓun kalmomi. Kyan ɗan maciji ke nan.

Mataki na huɗu: tabbatar yana da haruffan harshen da za a rubuta

Zubin ado da yawa, musamman na kyauta, iyakarsu haruffan Turanci da 'yan alamun harsunan yammacin Turai. Duk harshen da ke da ƙarin haruffa sai an bincika masa: ı marar ɗigo na Turkanci, ł na harshen Folan, alamomin da ke hawa kan juna na harshen Biyetnam, da haruffa masu lanƙwasa ɓ, ɗ, ƙ, ƴ tare da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ. A tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, waɗannan ba a rukuni ɗaya suke ba: ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamun furuci, a lamba U+0253 da U+0257, ƙ da ƴ kuma suna wani rukunin, a U+0199 da U+01B4. Saboda haka zubi zai iya samun wasu ya rasa wasu, ko ya samu ƙanana ya rasa manya. Dukkan takwas ɗin za ka gwada.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne burauza ba ta cika nuna akwatin da ke nuna babu harafin ba. Idan harafi ya ɓace, sai ta aro shi a ɓoye daga wani zubin da ke kan na'urar. Kai a kwamfutarka ka ga kamar lafiya, amma in ka ƙara girma za ka ga ƙ ɗin ya fi 'yan uwansa siranta, ko ya fi su tsayi, kamar baƙo a cikin dangi. A wayar wani kuma aron zai fito daga wani wuri daban. Don ka kama wannan, buɗe kayan bincike na burauza ka duba jerin zubin da aka yi amfani da su a zahiri, ko ka buɗe fayil ɗin da FontForge, manhajar zana haruffa, ka nemi harafin da idonka. Idan kana neman zubin da za ka jingina da shi a matsayin madadi, Noto Sans da Andika suna da waɗannan haruffa.

Mataki na biyar: lambobi

A fuskar manhaja lambobi sukan fi kalmomi muhimmanci: agogo, kuɗi, saurin mota, cajin batir. Abu biyu za ka nema. Na ɗaya, lambobi masu faɗi ɗaya, ta yadda 1 zai ci wuri daidai da 8. In babu su, agogon da ke ƙirga daƙiƙa zai riƙa rawa hagu da dama, jerin kuɗi kuma ba zai hau kan juna ba. A CSS, harshen tsara kamannin shafin intanet, ana kunna su da font-variant-numeric: tabular-nums. Na biyu, sifiri mai karkataccen kara ko ɗigo a ciki, wanda slashed-zero ke kunnawa. Umarnin ba ya ƙirƙirar abin da babu. Sai in mai zubin ya zana su tun farko.

Mataki na shida: nemo masa abokin tafiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsarin da ya fi aiki shi ne zubin jometiri ya riƙe kanu da manyan lambobi da tambari, wani zubin da aka yi don allo ya riƙe sauran. Inter na Rasmus Andersson, Roboto, Noto Sans, IBM Plex Sans, ko ma zubin da ke zuwa da na'urar, duk za su yi. Google da kansa bayan ya sauya tambari bai kori Roboto daga ƙananan rubutun Android ba. IKEA kuwa, kamfanin kayan ɗaki, a 2009 ya bar zubinsa mai tushe a Futura ya koma Verdana, wanda Matthew Carter ya zana wa Microsoft don allo. Masu zane sun yi ta ƙorafi, amma kamfanin yana son abu ɗaya da zai yi masa aiki a takarda da intanet.

Wajen haɗawa, guji biyun da suka yi kama sosai ba su zama ɗaya ba, kamar Montserrat da Poppins. Mai kallo zai ji akwai abin da bai zauna ba, ya kasa faɗin mene ne. Bambancin ya fito fili, amma tsayin ƙananan haruffansu ya yi kusa, don in sun haɗu a layi ɗaya kada ɗaya ya danne ɗaya. Biyu sun isa. In akwai lambar shiri ko bayanan na'ura da za a nuna, za ka iya ƙara na uku wanda duk haruffansa faɗinsu ɗaya.

Mataki na bakwai: girma, tazara da kauri

Fara da rubutun jiki, daga shi sauran za su samu ma'auni. Burauza tana farawa da fiksel 16, iOS na wayoyin Apple kuma da maki 17. Kada ka sauka ƙasa da haka a abin da za a karanta da yawa, in kuma zubinka mai gajerun ƙananan haruffa ne, ƙara fiksel ɗaya ko biyu. Daga nan ka hau bene da ninki ɗaya, misali 1.25: 16, 20, 25, 31, 39. Matakai biyar ko shida sun wadatar da yawancin manhajoji.

Tazarar haruffa tana bin ƙa'ida mai sauƙi: girma ya ƙaru, tazara ta ragu, girma ya ragu, tazara ta ƙaru. Kanun fiksel 48 da zubin da'ira yakan so a matse shi kaɗan, kamar -0.01em zuwa -0.02em a letter-spacing, saboda gefen da'irori yana barin sarari da ke bayyana idan an girma. Ƙaramin lakabi da manyan haruffa zalla kuwa yana son iska, kamar 0.05em zuwa 0.1em. Da em za ka auna, wato ma'aunin da ke daidai da girman rubutun, kada ka auna da fiksel, don tazarar ta bi girma. Manyan haruffa masu faɗin tazara su ne rabin sirrin wannan kamannin na gobe, amma ka tsaya a kalma uku ko huɗu. Jimla guda da manyan haruffa zalla tana kashe siffar kalma, mai karatu ya koma harhaɗa baƙi kamar ɗan koyo.

A kanu da tambari, bi haruffa biyu-biyu da ido. A da V, L da T, T da o, r da a, su ne wuraren da rami ke buɗewa. A na Futura mai tsinin kai ne kuma gefensa a karkace, don haka yakan bar fili a sama. Dabarar da ke taimakawa: juya kalmar ƙasa ta koma sama, ko ka runtse ido har ta dushe. Da ka daina karantawa sai ka fara ganin inda fari ya yi yawa.

Tazarar layi: ninkin girman rubutu 1.4 zuwa 1.6 a rubutun jiki, 1.1 zuwa 1.2 a kanu. Tsawon layi ya tsaya tsakanin haruffa 45 zuwa 75.

Sai kauri, inda sha'awa ta fi kayar da mutane. Siririn harafi fari a kan baƙin allo yana da kyau a babban allon mai zane. A wayar da gilashinta ya tsage, cikin hasken rana, ɓacewa yake yi. A CSS da lamba ake auna kauri, ƙaramar lamba siriri, babba mai kauri: kaurin 100 zuwa 300 na kanun da ya kai fiksel 32 ne zuwa sama. Rubutun jiki 400, maɓalli 500 ko 600. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1 a rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 a babban rubutu, wato maki 18 zuwa sama ko maki 14 mai kauri. Amma lissafin launi kawai yake dubawa, bai san sirantar sanda ba, don haka siririn harafi zai iya cin jarrabawar ya kuma ƙi karantuwa. Shuɗi mai ƙyalli a kan baƙi da ake yawan yi wa irin wannan zane, auna shi kafin ka ƙaunace shi.

A yanayin duhu akwai wani abu kuma: farin rubutu a kan baƙi yakan yi kamar ya kumbura, haskensa ya malala cikin ramukan e da a. Maganinsa rage kauri kaɗan da rage tsananin farin, a sa toka-toka mai haske a maimakon fari fat. Nan ne zubi mai sauyawa yake da amfani. Tun 2016, lokacin da Adobe da Apple da Google da Microsoft suka sanar da tsarin fayil ɗin zubi na OpenType 1.8, fayil ɗaya zai iya ɗaukar duk kauri daga siriri zuwa mai ƙiba, ka zaɓi 380 a duhu da 400 a haske. Wasu, kamar Roboto Flex, suna da ma'aunin GRAD da ke sauya duhun harafi ba tare da faɗinsa ya motsa ba, don haka layuka ba sa karyewa a wani wuri daban idan an sauya yanayi.

Ka sa font-synthesis: none. In ba haka ba, idan ka nemi mai kauri ko karkatacce alhali ba ka loda shi ba, burauza za ta ƙirƙiro na jabu, ta kumbura sanduna ko ta tura da'ira ta koma ƙwai. A zubin jometiri wannan a fili yake fitowa.

Mataki na takwas: idan za ka taɓa harafin da hannunka

Don tambari, sau da yawa za ka so ka sauya wani abu. Dabarun sanannu ne: cire karan tsakiyar A, yanke wani yanki na sandar E ko R, haɗa haruffa biyu da layi ɗaya, karkatar da kalmar gaba. Tambarin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, na 1975, wanda Richard Danne da Bruce Blackburn suka zana, A biyunsa ba su da kara, kuma layi ɗaya mai kauri ɗaya ne ke lanƙwasa ya ba da haruffan. An ajiye shi a 1992, aka dawo da shi a 2020. Ya yi aiki ne saboda haruffa huɗu ne kacal kuma dabarar ɗaya ce. Ɗauki ɗaya kai ma. Wanda ya cire kara, ya yanke sanda, ya karkatar, ya ƙara ƙyalli, ya yi wa kalmar kwalliyar da ta rufe fuskarta. Sannan ka nuna wa wanda bai san sunan ba ya karanta maka da baki. A marar kara yakan koma V a kife a idon wasu.

In kuma zana haruffan za ka yi daga tushe, a manhaja irin Glyphs ko FontLab ko FontForge, fara da H da O da n da o, domin su ne ke tsayar da kauri da faɗi da tazarar sauran. Nan gwajin farkon nan zai dawo maka. A ma'aunin da ke raba em zuwa raka'a 1000, bar O ya zarce layin zama da layin sama da kamar raka'a 10 zuwa 15, tsinin A da V kuma ya zarce fiye da haka. Sandunan kwance su ɗan fi na tsaye siranta. Karan tsakiyar H da E ya ɗan haura tsakiyar lissafi, in ba haka ba zai yi kamar ya zame ƙasa. Inda lanƙwasa ta shiga sanda, rage mata nama. A dangin murabba'i, kada ka manna rubu'in da'ira kai tsaye a jikin miƙaƙƙen layi, ido zai ga ƙullutu a mahaɗar. Ja hannayen lanƙwasar ta shiga layin a hankali. Ɗigogin zane kuma ka ajiye su a ƙarshen sama da ƙasa da dama da hagu na kowace lanƙwasa, ka rage yawansu iyakar iyawa.

Kafin ka taɓa zubin wani, karanta lasisinsa. Mayar da kalma zane don tambari abu ne da yawanci ake yarda da shi, sauya fayil ɗin kansa kuma wani batu ne daban.

Mataki na tara: lasisi da lodi

Zubin da ke ƙarƙashin lasisin OFL, wanda shi ne na yawancin abin da ke Google Fonts, za ka iya amfani da shi a aikin kasuwanci, ka saka shi a manhaja, ka gyara shi. Sharaɗin shi ne ba a sayar da shi shi kaɗai, kuma in mai shi ya keɓe sunan, sai ka sauya wa naka gyararren suna. Na saye, irin su Futura da Eurostile da Avenir da Gotham, yawanci lasisin kwamfuta daban, na shafin intanet daban, na saka shi cikin manhajar waya daban. Kasancewar zubi ya zo da kwamfutarka bai ba ka izinin ɗora fayil ɗinsa a sabarka ba. Kalmar "kyauta" a shafukan sauke zubi kuma sau da yawa tana nufin amfanin kai kawai.

Don intanet, yi amfani da fayil irin WOFF2, wanda aka matse don ya yi sauƙin lodi. Loda kaurin da kake buƙata kawai. In sun kai uku ko huɗu, kwatanta nauyinsu da na fayil ɗaya mai sauyawa ka ɗauki mafi sauƙi. Sa font-display: swap don rubutu ya bayyana da madadi kafin naka ya iso, ka kuma zaɓi madadin da faɗinsa ya yi kusa, ko ka daidaita shi da size-adjust, don shafin kada ya yi tsalle. Idan za ka rage nauyin fayil ta hanyar zubar da haruffan da ba ka buƙata, yi hattara: nan ne haruffan mataki na huɗu suka fi salwanta, domin kayan ragewa da yawa suna farawa ne da rukunin Latin na asali kawai.

Mataki na goma: fitar da shi daga kwamfutarka

Cire rubutun cike gurbi ka zuba na gaskiya, har da saƙon kuskure mafi tsawo da suna mafi tsawo da adadi mafi girma. Buɗe shi a waya mafi araha da za ka iya samu, mai ƙarancin fiksel, domin lanƙwasar da ta yi santsi a allo mai tsada takan yi haƙora a can. Gwada a Windows da Mac duka, tunda ba iri ɗaya suke fitar da harafi ba, kuma sirara sukan fi yin rauni a Windows. Ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 cikin 100 ka ga ko maɓallai sun fashe. Fita da wayar rana. Rage hasken allo zuwa ƙasa cikin dare.

Daga nan ka miƙa wa wani wayar, zai fi kyau wanda ya manyanta ko mai sa tabarau, ka nuna masa lambar tabbatarwa irin wannan: I1l0O8B5S. Ka ce ya karanta maka da ƙarfi, kai kuma ka rubuta abin da ka ji. Duk harafin da ya tsaya a kansa ko ya kuskure, koma mataki na uku da na biyar: ko ka kunna madadin siffarsa in zubin yana da ita, ko ka mayar da wannan filin ga abokin tafiyar da ka zaɓa a mataki na shida.